Ciyawar Kwana Uku

Pang ce ta fara faɗa mini, ranar da ta iso gida daga garin Bac Ha, inda take koyar da ƙananan yara. Ita ce babbar 'yarmu. Ko jakarta ba ta sauke ba ta ce, "Baba, ka san watan nan kwana ashirin da tara zai yi ko? Bana babu talatin."

Ina tsugune a bakin barga ina zaƙulo wa goɗiyata tsakuwa daga kofato. Ban ɗago ba na ce, "Wa ya cinye ɗayan?"

"Haka yake a kalanda."

"Kalandar taki ta taɓa hawowa nan ta duba wata?"

Ta yi dariya ta shige wurin uwarta. Gaskiya ni ma ban ga watan ba. Mun yi kusan kwana goma sha biyar hazo ya zauna mana a kai, in ka tsaya a ƙofa ba ka hango ɗakin aladu. Kuma na san akwai shekarun da watan ƙarshe ke gajarcewa, ba jiya aka haife ni ba. Amma bara ya gajarce, to a ganina bana dole ya cika. Ni da aiki nake ƙirga kwana, kuma tun farkon wata na raba aikin. Ashirin da bakwai a yanka alade. Ashirin da takwas a daka shinkafar biki. Ashirin da tara in hau in ɗauko gungumen murhu. Talatin in yanko wa Ja ciyawa, da yamma Baba, mahaifina, ya rufe shekara.

Ja ita ce goɗiyar. Shekara tara tana hannuna. Gajera ce kamar duk dawakinmu na kan dutse, ba ta da wani kyau, amma duk masarar da ke rataye a saman ɗakinmu a bayanta ta sauko, duk takin da ya hau gona a bayanta ya hau. Bana tana shayar da duƙushi ɗan wata biyu, saboda haka cin biyu take yi.

Da gangan nake barin ciyawa a ƙarshe. In Baba ya manna wa kayan aiki takarda ya jingina su a bangon kakanni, inda muke girmama magabatanmu da suka rasu, babu mai taɓa su sai sabuwar shekara ta yi kwana uku cur. Ciyawar da za ta kai doki kwana uku kuwa, in ka yanke ta da wuri cikin wannan danshi, sai ta ɗau zafi a tsakiya ta yi wari, Ja kuma ba ta cin abin da ya yi wari. Ta kusa da gida duk farar raɓar nan mai daskarewa da sanyi ta ƙone ta. Ɗanya sai a kwarin da ke ƙasan tsohuwar gonar Baba, inda dutse ya tare iska. Doki ba ya iya sauka can. Mutum ke sauka ya yanko, ya hauro da ita bakin hanya, a ɗora.

Ranar ashirin da takwas ƙanena Khua ya zo tun da safe muka ja komin daka zuwa tsakar gida. Matata Sua ta turara shinkafa mai danƙo, ta juyo ta da zafinta cikin komin, mu biyu muka tsaya hannu da hannu da taɓare. In na buga ya buga. Cikin sanyin nan har sai da muka tuɓe riguna.

"Yaya, ka fara tsufa," in ji Khua. "Da kai kake jirana, yanzu ni nake jiranka."

"Buga ka yi shiru. Tun da ka sayar da dokinka ka sayi babur, hannunka ba abin da ya iya sai murɗawa."

"Babur ba ya tashina da asuba yana neman abinci."

"Ba ya haihuwa kuma."

Baba yana zaune a kan ɗan bencinsa kusa da ƙofa, da bargo a gwiwa. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma kunnensa na nan. Daga ƙarar taɓarya yake gane ko shinkafa ta daku. Da muka tsaya ya ce, "Saura." Muka ci gaba. Can ya ce, "To." Sua da Pang suka shafa gwaiduwar ƙwai a hannu, suna cirar dakakkiyar suna mulmulawa suna shimfiɗa ta a ganyen ayaba. Na farko shida na kakanni ne, aka kai su bango. Na bakwai Baba ya karɓa, ya tsoma a zuma, ya ci shi a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Naman aladen jiya yana rataye a saman murhu yana shan hayaƙi, kitse na ɗiga a wuta yana tsuwa. Gidan ya cika da ƙamshi. Duƙushin ya leƙo ta ƙofa, Pang ta kore shi, ya tafi da tsalle ya dawo.

Da Khua zai tafi, yana ɗaura rabonsu a bayan babur, ya ce, "Sai gobe in an rufe shekara."

"Jibi."

Ya kalle ni, ya kalli Sua. Sua ta ce, "Rabu da yayanka, shi nasa watan daban ne."

Kashegari da na fito na tarar Sua ta tara duk ƙarafan gidan a bakin randar ruwa tana wankewa da tsumma: fartanyoyi, gatari, bakin garma, addata, da lauzuna uku.

"Baban Pang, ɗauki laujenka ka tafi kwari. Yau ce ranar."

"Gobe ce. Kin wanke su da wuri, sai su yi tsatsa."

"Na faɗa maka jiya, na faɗa maka yau. Bakina ya gaji."

"To ki huta da shi."

Ta matse tsumman ta ci gaba da wankinta. Shekara ashirin da biyar muna tare, ta san inda magana take tsayawa da ni. Na ɗora wa Ja akumari, na ɗauki igiya. Ko adda ban ɗauka ba, don gungumen na sare shi tun watan jiya na bar shi yana bushewa a daji. Itace ne mai tauri, irin wanda zai riƙe wuta kwana uku ba tare da an hura ba, don a kwanakin biki ba a hura wuta da baki.

Tafiyar ta yi mini daɗi. Da muka haura saman gonaki sai muka fito daga cikin hazo, rana ta buɗe, ƙauyen namu duk yana ƙasa a rufe kamar an kifa masa faifai. Ja tana gaba, ba na riƙe mata linzami a wannan hanya, ta fi ni saninta. Duƙushin yana gefe, ya ruga gaba ya tsaya ya tsorata da inuwarsa ya rugo baya. A wurin gungumen na zauna na ci curin shinkafa ɗaya da na gasa, na gutsura wa Ja gefe. Ban yi sauri ba. A ganina ba abin da ke korata.

A hanyar dawowa ne jikina ya fara sanyi. Gidan farko da muka wuce, na ga tsohuwar gidan ta fito da reshen gora mai ganye, baƙi ƙirin da kunkunniyar rufin ɗaki, za ta je zubarwa. Wannan sharar ranar ƙarshe ake yin ta. Na ce a raina tsufa ne. Gida na biyu kuma na ga an manna sabuwar takarda a saman ƙofa. Gida na uku maigidan yana figar zakara.

Rana ta ɗan karkata lokacin da na iso. Na sauke gungumen, na mirgina shi cikin ɗaki, na ɗago kai. Ga su nan a jere a gindin bangon kakanni, an wanke su tas, kowanne da farar takarda manne a wuyansa. An canja babbar takardar bango, da gashin zakara uku liƙe da jini. An kunna turare. Laujena shi ne na biyu daga hagu, na san shi da ƙotarsa da na naɗe da roba.

Ina tsaye ina kallo, Baba ya raɓa ta gefena yana jan ƙafa, da kwanon kullu a hannu da sauran takardu. Na bi shi waje. Ya lalubi akumarin da na jingina a bango ya manna masa ɗaya, ya je ƙofar barga ya manna ɗaya.

"Baba, yau ashirin da tara."

"Na sani. Ita ce ta ƙarshe."

"Ai da yamma kake yi."

"Da yamma ba na gani. Bara sai da na manna wa ƙafar benci." Ya goge yatsunsa a wando. "Ka ci abinci?"

Na shiga barga na duba. Abin da ya rage bai fi dami ɗaya da rabi ba. Ja tana cin huɗu a rana tun da ta haihu. Daren yau, da kwana uku a gaba. Ta juyo tana shinshina aljihuna, duƙushin ya riga ya kafa kai a ƙarƙashinta yana tsotsa.

Na koma ɗaki. Sua tana yanka nama a gefen murhu, Pang tana tsintar ganyen miya. Babu wadda ta ɗago. Da sun yi mini dariya ma da ya fi mini sauƙi.

"Baba, ban yanki ciyawa ba."

"Na ji an ce."

"A cire wa lauje ɗaya takarda. Kafin rana ta faɗi na dawo da shi, ka sake mannawa."

Baba ya zauna a bencinsa ya ja bargo. "Na riga na kira kayan aikin nan ɗaya bayan ɗaya, na yi musu godiya, na ce su zo su ci biki tare da mu. Kakanninka suna ji. Kai in an zaunar da kai gaban abinci an ce ka huta, sannan a zo a ce tashi ka koma gona, yaya za ka ji?"

"Lauje ne fa."

"Wata goma sha biyu yana ci da kai."

"Ita ma goɗiyar wata goma sha biyu ta yi."

"Ita kai ne mai tanadar mata. Ba ni ba, ba lauje ba."

Pang ta ce, "Ba ga masara nan cike da rufi ba? A ba ta mana."

"Ke yi ta koyar da yara. Doki ya yini yana cin tsabar masara ba ciyawa, cikinsa zai kumbura ya kwanta. Na ga wanda ya kwanta haka bai tashi ba."

"A sake ta ta yi kiwo."

"Ta ci me? Duwatsu? Ko kabejin maƙwabta, mu shiga sabuwar shekara da rigima?"

Idona ya faɗa kan wuƙar da ke hannun Sua. Wuƙar kaɗai ce ba a manna wa komai ba, don dole a yi girki. Sua ta ga inda nake kallo ta mayar da ita bayanta.

"Ko da wasa. Ka kai ta kan dutse ka dakushe mini ita, in yanka naman baƙi da haƙori?"

Na tashi na je gaban bangon. Ba zan ɓoye ba, na miƙa hannu har na taɓa ƙotar laujen. Na san Baba ba zai hana ni ba, ba shi da ƙarfin hana ni. Na duba takardar, na ga yadda ya yanke bakinta ƙanana ƙanana kamar haƙoran zarto, da idon nan nasa da ba ya gani. Ban san ko biki nawa ya rage masa ba. In na ɓalle ta, kwana ukun nan zai zauna ya ci ya sha ya amsa gaisuwa, amma duk abin da ya lalace a gidan nan cikin shekara, ko kaza ce ta mutu, ya san daga ina ya fara. In kuma ban ɓalle ba, nonon Ja zai janye, ɗan wata biyu cikin wannan sanyi ba ya jure yunwa.

Na janye hannuna na tsaya kawai.

Sua ta aje wuƙa ta goge hannu a zaninta. "Baban Pang, miƙo hannuwanka in gani."

Na juyo. "Me?"

"Miƙo." Ta kama ta juya su ciki da baya. "Ban ga takarda ba. Baba, ka manna masa a wani wurin da ban gani ba?"

Baba ya yi 'yar dariya ta hanci. "Shi ba a gode masa ba tukuna. Kuma shekara ba ta ƙare ba sai zakara ya yi cara."

"Da hannu? Ciyawar kwari? Kin san kaifinta kuwa?"

"Na san taurin kanka, ita ce ban gwada ba. Pang, sauke tukunyar nan gefe, kakanki zai duba wuta. Ɗauko kwanduna."

Na ce su zauna, laifina ne, ni zan je. Sua ta riga ta saɓa kwandon goyo tana ɗaure ƙafafunta da tsumma. Pang ta cire takalmanta na gari ta zura na roba. Na nufi barga in kama Ja, sai na tuna akumari yana hutu, ita ma ƙofarta da takarda. Ranar a bayana za a ɗauko abincinta.

Muka biya ta gidan Khua. Yana tsakar gida yana wanke ƙafa, ya ga mu uku da kwanduna babu lauje ko ɗaya, ya gane. Ya buɗe baki zai yi magana na ce, "In ka ce uffan sai na jefa ka a kwarin. Fito da babur ɗinka ka jira mu a bakin hanya."

Ya nuna mini rumfa da haɓa. Ga babur an wanke shi yana ƙyalli, da farar takarda a goshi.

"Babur ma?"

"Shi ma wata goma sha biyu ya yi, Yaya." Ya shiga ya ɗauko kwando da tsofaffin safar hannu guda biyu, ya ba Sua ɗaya ya ba Pang ɗaya. "Mu maza sai haƙuri."

Saukar kwarin ta ci mana lokaci, don duwatsun suna da santsi. A ƙasa babu iska, ruwa yana tsiyaya daga jikin dutse, ciyawar kuwa kore shar, ta kai ƙirjina. Da lauje aikin awa ɗaya ne. Na kama damƙin farko na finciko, ya zame ya bar mini layi biyu a tafin hannu. Sai da na ga jini kafin na ji zafin.

Mun ɗan sha wahala kafin mu gano yadda za a yi. In ka ja, sai ta yanke ka ko ta tuge da ƙasa. Sai dai ka kama ƙasa ƙasa, ka murɗa ta kamar za ka tufka igiya, ka kwantar da ita a kan dutse, ka sara da wani dutsen mai baki. Na fasa farin dutse na samo gutsattsari masu kaifi, na rarraba. Ni da Khua muna sara, Sua tana tarawa tana ɗaurewa, Pang tana hawa da sauka tana kai wa bakin hanya.

"Haka kakannin kakanninmu suka yi kafin a ƙera ƙarfe," in ji Khua. "Yaya ya mayar da mu baya shekara dubu a yini ɗaya."

"Sara."

"Malama, in kin koma ki koya wa yaranki. Bayan ashirin da tara sai me?"

Pang daga sama ta ce, "Ya danganta da gidan da kake, Kawu."

Har Sua sai da ta yi dariya. Ni ban yi ba, amma ban ji haushi ba. Na cire ɗamarata na yaga biyu na naɗe hannuwa. Can na lura Sua ta cire safar ta cusa a ƙugu, wai tana hana ta ɗaure dami da kyau. Yatsunta duk sun tsattsage. Na ce ta mayar, ta ce in kula da nawa.

Muka yi ta yi har hasken ya fara ja daga bakin kwarin. Sua ta miƙe ta dafa ƙugu ta ce, "Ya isa haka. Baba yana jira a kira kurwar gida kafin duhu, ba za a yi babu mu ba." Na so in ƙara ko dami ɗaya ne, amma gaskiyarta. A bakin hanya na ƙirga. Tara. Da ɗaya da rabin da ke gida, goma da rabi. Ina bukatar sha huɗu.

Na ɗauki huɗu, Khua uku, matan ɗaya ɗaya. Hanyar da Ja take haurawa da buhu biyu ba ta ko tsayawa, ni sai da na tsaya sau biyar. Igiyar kwandon ta ci mini kafaɗa, ruwan ciyawar yana bin bayana har cikin wando. Da muka shigo tsakar gida Ja ta miƙo wuya ta saman ƙyauren barga ta fizgi ciyawa daga bayana tun ban sauke ba.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa da kwanon shinkafa da ƙwai a kai, da kaza a hammata. Muka wanke hannu muka tsaya bayansa. Ya kira kurwar kowa da sunansa ta dawo gida cin biki, duk inda ta yi yawo cikin shekara. Ya kira ta masara da ta shinkafa, ya kira ta aladu da kaji. Da ya zo kan dawaki ya ɗaga murya, ya kira Ja, ya kira ɗanta. Sannan muka shiga muka ci. Hannuna ya ƙi riƙe tsinken cin abinci, sai cokali Sua ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

Ranar farko ta shekara maza ne ke tashi da carar zakara su yi duk aikin gida, mata su kwanta. Na tashi na gyara wuta, gungumen ya kama da kyau. Na ɗebo ruwa, na ba aladu, na ɗora tukunya, duk da hannuwa naɗe da tsumma kamar curin shinkafa biyu. Na shimfiɗa ciyawar a kan gora don iska ta shiga, na raba ta kashi uku. Dami uku a rana maimakon huɗu. Na jiƙa busasshen ɓawon masara da ruwan gishiri, na barbaɗa dussa, in cike mata da shi. Ta shinshina, ta ture da hanci, ta dube ni. Da rana ta yi, yunwa ta sa ta ci rabi.

Yinin nan ina zaune cikin mutane ana zuba giyar masara ana gaisawa, amma rabin hankalina yana barga. Sau uku na fita ina taɓa hantsarta. Da yamma na ga duƙushin yana tsotsa yana saki yana tunkuɗar ta da kai.

Rana ta biyu ita ce ta zagayen gidaje. Khua ya riga kowa fita, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Wajen hantsi baƙon farko ya shigo, wani tsoho daga gidajen sama wanda muka daɗe muna musu da shi kan dawaki. Yana sanye da baƙaƙen kayan biki, da rungumen ciyawa a hammata. Bai ko kalle ni ba, ya wuce barga ya zuba wa Ja.

"Ba wurinka na zo ba, Lenh. Na zo yi wa mai aikin gidan barka da shekara." Ya shafa wuyanta. "Sannu, 'yar ja. An ce maigidanki yana can yana jiran talatin ga wata. In ta zo ki aiko a faɗa mana."

Bayansa wani ya zo, shi ma da ɗan rungumensa daga abin da ya tanada wa nasa dokin. Kafin la'asar mutum shida sun zo da ciyawa, kowa da irin tsiyar da zai yi mini. Wani ya ce in nuna masa sabon laujen da aka ce na ƙera da dutse. Wani ya ce zai aiko matarsa ta koyi yadda ake fitar da miji aiki ranar rufe shekara. Na zauna na zuba musu giya da hannu biyu, na sha dariyar da suka yi mini har ƙasa. Duk wanda ya ce wani abu na ce, "Haka ne. Ƙara nama." Sua tana gefen murhu tana gasa curin shinkafa, ta kasa ɓoye murmushinta.

Da suka watse na je na tattara abin da suka kawo. Ya kai dami uku da ɗoriya. Wata ta ɗan bushe, wata da ganyen gora a ciki, amma ciyawa ce. Daren nan na zuba mata ba awo.

Rana ta uku da yamma hazo ya ɗaga, rana ta ɗan leƙo ta bugi bangon barga. Pang da uwarta sun tafi fili kallon 'yan mata da samari suna jifan ƙwallon tsumma. Na ɗauko benci na zauna a ƙofar barga, na zuba wa Ja damin ƙarshe. Duƙushin yana ƙarƙashinta yana sha, har fari yana zubo masa ta gefen baki. Da ya ƙoshi ya zo ya ja silin ciyawa ɗaya daga bakin uwarsa, ya yi ta juya shi bai san yadda ake yi da shi ba.

Na ji jan ƙafar Baba. Ya zo ya dafa kafaɗata ya wuce ciki. Ya lalubi wuyan Ja, ya bi da tafin hannu ta kan haƙarƙarinta har zuwa ƙugu, ya sunkuya ya taɓa cikin duƙushin.

"Ba ta faɗa ba," ya ce.

"Ba ta faɗa ba."

"Hannun fa?"

"Yana nan."

Ya tsaya ya ɗan saurari yadda take tauna. Sannan ya ce in tashi in gasa masa curi ɗaya, in sa zuma da yawa, don matan nan in suka tafi kallo ba sa tuna akwai tsoho a gida.